Bazarar da Mai Lamba Ya Kwanta Gidana

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Ni ne Arzika wanzami, daga wani ƙauye da ke gindin dutse kusa da Tabotaki. Na yi jinyar uwata, na yi ta ƴaƴana, amma jinyar da ta fi cin ƙarfina ta wani baƙo ce da ban san uwarsa ba, ban san ubansa ba. Ina ba da labarinta ne don wanda irinta ta faɗo wa ya san inda zai sa ƙafa.

Shekarun yaƙin Nasara ne. An kwashi samari soja, an kwashi hatsi, an kwashi bisashe, lanho kuwa, wato kuɗin kai, bai ragu da ko anini ba. Duk wanda ya shigo gari da gardi, wato dogarin Nasara, a bayansa, mun san karɓa ya zo yi. Cikin wannan hali agana ta shigo Adar. Mu ba ma kiran sunanta, sai mu ce ado. Ta faro daga wajen Keita tana bin kasuwanni, kowane mako sai fatake su ce ta sauka wani gari.

Da bazara ta kankama sai ga mai lamba, wato mai yi wa mutane tsagar rigakafin ado. Sunansa Sumana, Bazabarme ne daga bakin kogi, siriri, yana jin Hausa amma da ƴar gargada. Gardi ya damƙa shi ga maigari, ya ce zai zagayo ya ɗauke shi in ya gama, ya juya dokinsa. Maigari ya dube ni ya ce, "Arzika, kai da shi duk masu tsaga ne. Gidanka za shi sabka."

Ban so ba, amma ba a musu da maigari a gaban jama'a. Matata Habsu ta share masa ɗakin da ke jikin zaure. Ko ruwa bai sha ba ya tambayi inda ya fi sanyi a gidan. Yana da wani ɗan akwatin ƙarfe naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, a ciki akwai ƴan kwalabe sirara kamar tsinke. Muka binne akwatin rabi cikin danshin yashin da ke gindin randa. Ya ce, "Maganin nan rai gare shi. Zafi yana kashe shi. Kada buhun ya bushe." Rijiyarmu kuwa sai an ja igiya har hannu ya yi kanta. Habsu ta riƙa zuba wa buhu ruwa tana ƙunƙuni, wai ita ba ta taɓa ganin baƙon da kayansa suka fi shi shan ruwa ba.

Makon farko wahalar banza ya sha. Maigari ya sa aka yi shela a taru gindin gawo, sai tsofaffi suka zo, waɗanda galibinsu ado ya riga ya yi wa zane tun suna yara. Yaran kuwa an ɓoye. Wasu cikin rumbu, wasu an haura da su tungayen da ke bayan dutse. Magana ta bazu cewa shaida ce ake sa wa yaro don in ya girma a gane shi a kai shi soja. Kaɗan da aka kama aka yi wa, uwayensu na komawa gida suka goge wurin da toka da tsamiya. Sumana ya riƙa bi gida gida cikin rana, ana cewa masa ba kowa, alhali yana jin tarin yaro daga cikin rumbu.

Har a gidanmu akwai mai ƙi. Gwaggo Tamo, ƙanwar ubana, ita ke riƙe da al'adun kakanninmu, don mu asalinmu Azna ne, ubana ne ya fara salla. Fuskarta duk zanen ado ce. Ta ce mini, "Kai Arzika, ado ba a taryar shi da ƙarhe. Baƙo ne, lallashi nai akai har shi wuce. Wanga yaro za shi jawo muna hushi."

Wata rana da azahar Sumana ya dawo riƙe da kai. Habsu ta kai masa fura, ya kurɓa ya amayar. Ya ce a toshe ƙofa, haske na sukar idonsa. Na ce rana ce ta buge shi. Da gari ya waye na shiga, na tarar jikinsa kamar garwashi, kansa ya tanƙware baya. Na sa hannu ƙarƙashin ƙeyarsa in ɗaga, sai kafaɗunsa suka taso tare kamar itace, ya yi wata ƙara. Na ga sankarau a baya, ban bukaci wani ya gaya mini ba.

Na yi abin da na sani. Na aske ƙeyar na kafa masa ƙaho, jini ya fito baƙi, ciwo bai motsa ba. Liman ya aiko da rubutu, muka ɗura masa. Gwaggo ta ce a kai baƙar akuya gindin dutse. Wani ya ce a yi masa sakiya a wuya, wani ya ce hayaƙin ƙaho. A gari kuwa magana ɗaya ake yi, wai ga wanda ya zo yaƙi da ado an fyaɗe shi. Yara sun ji gardi na kiransa Mushe, yadda ake kiran ma'aikatan Nasara, suka riƙa faɗa suna dariya. Ranar nan Habsu ta fita da muciya ta ce duk ɗan da ya sake kiran mai rai mushe a ƙofarta sai ta fasa masa baki.

Maigari ya zo ya tsaya daga waje, ya rufe hanci da bakin rawani. Ya ce, "Ka hid da shi yau. In ya mutu garin nan, kwamanda cewa za shi yi sammu munka ba shi. Ka san abin da anka yi ma waɗansu kan abin da bai kai wanga ba. Ka kai shi Madawa wurin likita, shi mutu hannunsu."

Na ce, "Ranka shi daɗe, da mi zan kai shi?"

Ya ce in nemi takarkari, ya tafi.

Ni ma abin da nake so ke nan. Na sami wani Buzu mai suna Agali da ya yarda ya kai mu da sansa a bakin akuyata ɗaya. Na shiga in shirya majinyaci, sai na tarar hankalinsa ya dawo. Haka ciwon yake, ya saki ya kama.

Ya ce, "Wanzam, ina akwati?"

Na ce, "Shina nan jikin randa."

"In kun tafi da shi, a hanya maganin zai mutu. In kun bar shi, kafin a aiko wani ya mutu. Kuma babu wani. Wannan ma da ƙyar aka samu, yaƙi ake yi."

Na ce, "Malam Sumana, kai hwa? Ka san abin da ke jikinka?"

"Na fi ka sani. Ka yi wa yaran lamba tukuna, sannan ka ɗauke ni."

"Ni ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba."

"Hannu ake so. Ɗauko."

Na yi masa magiya, na ce maigari zai ci mutuncina. Ya ce in an ɗora shi bisa sa zai faɗo da kansa. Mutumin da ko juya wuya ba ya iyawa. Na ɗauko akwatin. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin alƙalami, ya ce in gasa shi a wuta in bar shi ya huce, in ɗiga magani a damtse, in karce ta cikinsa. Na gwada a hannuna na hagu. Hannun wanzami ya saba da neman jini, sai na tsaga. Ya daka mini tsawa har ciwon ya murɗe shi.

"Ba jini! Jini wanke shi yake yi. Kamar ƙaya ta shafe ka, shi ke nan. Sake."

Na sake a gefe. Ya sa na kawo hannun kusa da idonsa, ya ce haka. Ya ce kada a goge, kada a shiga rana sai ya bushe. Daga nan ya koma sambatu.

Da ba don abin da ya faru a ranar ba, da ni ma ba wanda zai zo mini. Labari ya sauko cewa ado ya ɓulla a tungayen bayan dutse, can inda aka kai yara ɓuya. Kafin la'asar mata suka fara gangarowa da goyo, wasu na jan biyu. Na shimfiɗa buzuna a ƙofar zaure inda nake aski kullum, na hura ƴar wuta. Na fara da ƴaƴana a gaban kowa. Wata mata ta matso ta ce, "Wanzam, kai ka cire ma ɗan nan beli, kai ka yi mashi askin suna. In shaidar soja ce, Allah na ganinka." Na nuna mata hannuna. Ta miƙo nasa.

Yini biyu ina wannan aiki, hannuna a waje, kunnena a ɗaki. Ina jin nishinsa, ina jin yana kiran wani suna da Zabarmanci. In layi ya ɗan tsagaita sai in ruga in juya shi, in wanke shi, don ya daina riƙe fitsari. Wadda ta zauna kansa kuwa Gwaggo Tamo ce. Ba wanda ya roƙe ta. Ta shigo da ludayi da ƙwaryar ƙasari, ta ce mu duk ba mu iya ba. Ta riƙa ɗiga masa a gefen baki, tana shafa maƙogwaronsa har ya haɗiye, tana kora ƙuda, tana yi masa faɗa. "Sha, ɗan nema. Uwarka na can ba ta san kana nan ba. Wa ya aike ka tsokanar abin da ya hi ƙarhinka?" Har ta mutu ba ta yarda da lamba ba, amma na tabbata da ba don ludayinta ba da bai kai Madawa ba.

Magani ya ƙare kafin mutane su ƙare. Waɗanda suka taho daga nesa suka iske ina girgiza kwalba babu komai. Na ba su haƙuri, wasu suka zage ni, suka ce na zaɓi nawa. Muka shimfiɗa buhunan ƙaiƙayi a bayan sa, muka kwantar da shi a kaikaice, muka ɗaure da rawani. A lokacin ya daina gane kowa.

Hanyar nan ba na son tuna ta. Mu yi tafiya da sanyin safe, mu fake gindin aduwa in rana ta take, mu tashi da la'asar. Duk takun da san ya yi a kan duwatsu sai ya yi ƙara, har muryar ta dushe. Agali na gaba da igiya, ni ina gefe na tallafe kan. Garuruwan da muka ratsa ba wanda ya bar mu shiga. A bakin rijiya sai a ajiye mana ruwa nesa a ja da baya. Ban ga laifinsu ba. Wata tsohuwa a kusa da Buza ta ajiye mana ƙwaryar nono ta ce mu tafi da ƙwaryar, Allah ya saka mata.

A Madawa an kakkafa rumfunan zana a bayan gari saboda masu sankarau. Ban taɓa ganin mutane kwance da yawa haka ba, kowa da mai jinyarsa tsugune yana fifita. Likita ɗaya ne, baƙar fata, da masu taimakonsa biyu. Yana bin layi yana duƙawa, wani ya sa a shigar da shi, wani kuma ya ɗaga fatar idonsa ya ce, "Turo tar," ya wuce. Ba wanda ya fassara mini, amma kafin yamma na gane, don duk wanda aka faɗa wa, ba a jimawa sai ka ji kukan danginsa. Na zauna ina jiran a faɗa wa nawa.

Ɗaya daga masu taimakon ya zo wucewa, ya dubi fuskar, ya saki kwanon da ke hannunsa ya ce, "Sumana!" Ashe tare suka koyi aiki. Nan da nan aka ɗauke shi aka wuce da shi gaba. Akwai wata mata da ta riga mu zuwa da ɗanta a cinya. Ta bi mu da ido. Na ji daɗi an ɗauke mu, na kuma ji kunya, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Suka lanƙwasa shi, likita ya soka masa doguwar allura a gadon baya. Ruwan da ya ɗigo fari ne gurɓatacce kamar ƙasari. Likita ya juyo ya ce, "Yaushe ya fara?" Na gaya masa. Ya ce, "To me kuka tsaya yi?" Na gaya masa wannan ma. Ya kalli majinyacin, ya yi wata magana da Faransanci mai kama da zagi, ban san ko da ni yake ba, ko da shi, ko da waɗanda suka tura shi shi kaɗai. Amma bai ce turo tar ba. Ya ba da wasu fararen ƙwayoyi, ya ce a daka a ɗura masa, a bi da ruwa mai yawa. Ya ce ƙwayoyin kaɗan ne, in na bar ko gari ya zube ƙasa, na zubar da rabon wani.

Agali ya koma da sansa. Ni na zata kwana biyu zan yi in miƙa amana in tafi. Amma a rumfar nan wanda ba shi da mai jinya ƙuda ne ke jinyarsa, abokin nasa kuwa yana da ɗaruruwa a kansa. Na zauna. Guzurin da Habsu ta ɗaura mini ya ƙare a makon farko. Na sayar da rigata ta salla. Daga baya na buɗe zabira a bakin hanya ina yi wa masu jinya aski, wani ya ba ni dunƙulen fura, wani albasa, wani ya ce Allah ya biya. Da wannan nake dama masa kunu. Kwankwasonsa ya yi gyambon kwanciya, na riƙa wankewa da ruwan ɗumi ina juya shi. Ƙafafunsa suka koma kamar kara.

Ana cikin haka hannuna ya kumbura, ya yi ƙurji mai ruwa, kaluluwa ta fito mini a hammata, zazzaɓi ya rufe ni. Na ce shi ke nan, na ɗauko ado. Na nuna wa abokin Sumana, ya yi dariya, dariyar farko da na ji a wurin, ya ce, "Ta kama ke nan. Kada ka sosa." Da zazzaɓin na ci gaba da ɗibar ruwa. Wata rana gajiya ta kai mini iya wuya, na tashi na kama hanyar gida, har na kai lambunan albasa. Na zauna a bakin wata rijiya har rana ta karkata. Sai na tuna zabirata na ƙarƙashin kansa, da ita na yi masa matashi. Na komo. Na tarar lokacin ƙwayar azahar ya wuce, na daka na ba shi.

A mako na uku zazzaɓinsa ya sauka. Wata safiya ya buɗe ido ya ce ruwa. Na yi hamdala, na shiga ba shi labari, ina cewa ga inda muke, ga yadda aka yi. Sai na ga bakina yake kallo. Wani jaki ya yi kuka a jikin zana, kowa ya waiga, shi bai motsa ba. Na kira likita. Ya zagaya bayansa ya tafa hannu da ƙarfi. Shiru. Likita ya ce ciwon yakan tafi da kunne. Na tambaye shi ko da mun zo da wuri da bai tafi ba. Ya ce, "Wataƙila. Wataƙila kuma a'a. Ban sani ba." Na so ya ce mini ɗaya daga ciki.

Sumana ya gane da kansa. Bai yi kuka a gabana ba. Ya yini yana kallon zana. Da la'asar ya kamo rigata ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Ta kama?" Na naɗe hannun riga na nuna masa ɓawon. Ya latsa gefensa da yatsa, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Sauran fa?" Ban sani ba, ko na sani ba ni da hanyar gaya masa. Shi ya iya karatun boko, ni ban iya rubutawa ba. Na buɗe tafin hannuwana.

Na ƙara mako ina koya masa tafiya, yana dafe da kafaɗata yana tangaɗi kamar ɗan maraƙi. Aiki kuwa an sallame shi, kurma ba ya yawon lamba. Aka sami wata babbar mota mai zuwa yamma aka ce ta sauke shi ƙasarsu. Da zai hau ya zura hannu aljihu ya ba ni ɗan ƙarfen nan na lamba. Na yi masa addu'a mai tsawo, yana kallon bakina yana cewa amin a inda ba wurinta ba. Ban sake ganinsa ba. Wani falke ya taɓa ce mini ya ga kurma mai kama da shi yana gyaran taru a bakin kogi, ban san ko shi ne ba.

Na iso gida a ƙafa, hadari ya fara haɗuwa, gonata ko sassabe ba a yi ba. Habsu ta zaunar da ni ta faɗa mini. Ado ya shigo bayan tafiyarmu. Waɗanda hannunsu ya kumbura ya tsallake su. Ya ɗauki waɗanda aka goge wa, da wasu daga cikin na yinin ƙarshe da tasu ba ta tashi ba, mai yiwuwa maganin ya riga ya mutu. A tungayen bayan dutse akwai gidajen da aka ja wa ƙaya a ƙofa, don ba wanda ya rage a ciki. Gardi ya zo ya karɓi akwatin, bai tambayi wanda ya yi aikin ba, bai tambayi akuyata ba. Maigari dai ya aiko mini da damin gero, na gode masa.

Ga abin da nake so a riƙe. In mutum ya kama kai da zazzaɓi, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, a ɗauke shi a ranar. Kada a tsaya ƙaho. Ni wanzami ne na faɗa. Lamba kuma in ba ta kumbura ta yi ƙurji ba, ba a yi ba, a sake nema. Kuma a yi hankali da masu karce yara a kasuwa, don bayan shekarar nan wasu sun mai da abin sana'a, da aska tsirara ba magani.

Ban cika mako da dawowa ba wata mata ta gangaro daga bayan dutse da jariri a baya. Ƴaƴanta biyu ado ya ɗauka, wannan a cikin makokinsu ta haife shi. Ta kwance shi ta miƙo mini damtsensa.

Ta ce, "Wanzam, ka yi mashi."

Na ce, "Babu magani, ya ƙare."

"An ce ƙarhen na wurinka."

"Ƙarhen na nan. Shi kaɗai ba ya komi."

"Ka yi hakanan. Hannunka na da albarka."

Na ce ba zan yi ba, don in na karce shi za ta tafi tana cewa ya tsira. Na ce in wani mai lamba ya zo, ni da kaina zan hau in kira ta. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma tashi ba. Ta zauna a ƙofar zaurena da yaron a cinya, hannunsa a buɗe, ko zan sake shawara. Na yi wa mutum biyu aski tana zaune. Habsu ta kawo mata fura ta sha. Da rana ta yi sanyi ta goya ɗanta ta kama hanyar dutse.

Wani mai lamba bai sake zuwa ba sai bayan yaƙi ya ƙare. Na hau kiranta kamar yadda na ce, na tarar tungar ta tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri.